Ginin Kumba

A bakin Kubanni, da ruwa ya janye,
na tsinci kumba kwance a taɓo,
baki buɗe, mai ɗakin ta daɗe da tashi.
Na ɗauraye ta, na jefa a jaka,
na kai wa Baba Jatau a Ƙofar Gayan.

Shekara arba'in yana cuɗa ƙasa da ƙafa,
yana jefa tubali sama, wani ya cafe.
Yau siminti ya karɓe masa kasuwa,
hannunsa na rawa ko a kan kofin shayi.
Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa da farce,
ya ce, "Wane magini ne ya yi wannan?"

Na ce, Baba, ba ta da hannu,
ba ta da ƙashi, ba ta da ido.
A Samaru mun buɗe mai rai a kan tebur:
wani tantani ne ya lulluɓe tsokar,
siriri kamar yanar da ke hawa kan madara.
Shi ne maginin, shi ne lebura,
shi ne jakin da ke kawo ƙasa.

A gefensa akwai leɓe uku.
Daga tsakanin biyu wata fata ke fitowa,
ruwan ƙasa, mai hana ruwa cin gini.
Ya ce, "Makuba ke nan.
Amma mu sai mun gama muke shafa ta."
Na ce, ita da makuba take farawa,
sai ta zauna ciki, ta yi bango a bayanta.

Ya yi shiru. Ya gyara zaman hularsa.

Allin kuwa daga ruwa take tsotsa,
daga abin da ta tace ta ci,
jini ya kai shi wani ɗan tsukin wuri
tsakanin tantani da bango,
inda ko gashi ba zai shiga ba.
Can ne ƙwayoyi ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa
kamar azara a tsaye.
Daga ciki kuma ta shimfiɗa falle kan falle,
kowanne da ɗan danƙo a tsakani,
har hasken rana ya faɗa ya rikice,
ya fito da launin wuyan tantabara.

Ya ce, "Wa ke ganin wannan ado?"
Na ce, babu, muddin tana da rai.
Ya ce, "To. Ba don biki ta yi ba."

Na nuna masa layukan bayanta:
mai faɗi, daminar da aka ƙoshi,
matsattse, ranin da kogi ya zama zare.
Ƙusumbin nan kusa da maɗauri
shi ne ɗakinta na jarirantaka;
ba ta rushe shi ba, ba ta tashi ba,
baki kawai take ƙara wa gini.
Ya bi su da farce yana ƙirga,
ya tsaya a na shida.
"Nan an taka ta," in ji shi. "Saniya ce, ko mai su.
Dubi yaɓen. Daga ciki aka toshe."
Ni da na yi wata uku da madubin ƙara girma
ban ga wannan tabon ba.

Ya ce, "Na yi soraye tara a garin nan,
na yi rumbuna ban san adadi ba.
Ko ɗaya ban gina ina cikinsa ba."

Inna Tasalla ta leƙo daga tsakar gida,
ta ce a ba ta, za ta kankare ƙanzo.
Ya ce a'a, wannan tasa ce.

Da la'asar na same shi a zaure,
ya kwaɓa ƙasa a tsohon kwano,
yana cusa ta a tsagar da damina ta bari,
yana lailaye ta da bayan kumbar,
a hankali, a hankali,
hannun bai daina rawa ba,
amma yaɓen na fita sumul.